Shekarar da Muka Samu Inji Muka Rasa Kaɗanya

Ba a cikin sana'ar man kaɗanya na tashi ba. Ni 'yar cikin garin Kontagora ce, mahaifina hatsi yake saye yana sayarwa, kuma har na yi aure ban san yadda ake fitar da mai daga ƙwallon kaɗanya ba, sai dai in gan shi fari tas a ƙwarya in saya. Lalura ce ta kai ni. Maigidana direban motar haya ne, mota ta faɗi da shi a hanya, ya tashi ƙafarsa ɗaya ba ta taka ƙasa sosai, tuƙi ya gagara. Ga yara suna makaranta. Sai na fara haɗa sabulun wanka da man shafawa ina kai wa gidaje, kuma dukansu biyu ba sa yiwuwa sai da man kaɗanya mai kyau.

A wajen neman man ne na haɗu da ita. Ranar kasuwa ce, na zagaya can bayan rumfunan 'yan doya, inda matan ƙauye ke zube kayansu a ƙasa saboda ba su da rumfa. Doguwar mace ce baƙa, ta girme ni nesa ba kusa ba, tana zaune da masaki biyu a gabanta. Wani dillali yana tsaye a kanta, yana dangwala yatsa cikin man yana cewa ya yi wari, wai akwai ƙasa a ciki. Da sauri yake magana, da gangan, don kada ta bi shi. Ita kuwa 'yar Kambari ce, Hausarta a hankali take fita, sai ta tsaya ta nemo kalma kafin ta ajiye. Kafin ta haɗa amsa ɗaya ya yi magana uku.

Na durƙusa na lakato man na murza a bayan hannuna. Ya narke nan take, babu tsakuwa, babu ƙauri. Ban taɓa riƙe irinsa ba. Na tambaye ta nawa, ta faɗa, na ce na saya duka yadda ta faɗa. Dillalin ya harare ni ya ce, "Hajiya, kina ɓata mana kasuwa." Na ce masa ni ba kasuwa na zo gyarawa ba, mai na zo saya.

Da ya tafi ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai ƙanwata, in ka so, ina kawo maka kowace kasuwa." Haka take magana, mace da namiji duk kai ne a bakinta. Tun daga ranar nake kiranta Yaya.

Ƙauyensu yana can bayan Nasko, sai an sauka a mota an hau babur. Ita da mijinta manoma ne, Kiristoci, kakanninsu a nan aka binne su. Na je sau da yawa. A can na ga wahalar da ke cikin man da nake saya. Da farkon damina mata ke fita tun da sassafe su tsinci 'ya'yan kaɗanya a gindin itatuwa, cikin ciyawa, ga macizai. A dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a soya a kasko, a daka a turmi, a niƙa a dutse har ya zama kamar kunu baƙi. Sannan a zauna a yi ta bugunsa da hannu ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan har mai ya taso fari. Niƙan nan ne ke karya mata. Tafin hannun Yaya ya yi kanta kamar na maƙeri, kuma in ta miƙe daga kan dutse sai ta dafa ƙugu ta daɗe kafin ta daidaita.

Muka shekara muna haka. Ita da matan ƙauyensu suna yi, ni ina sayarwa a gari, na daina ma sabulun na koma kan man gaba ɗaya. Na samo ƙananan robobi masu murfi ina zubawa, ina kai wa masu kemis da masu gyaran gashi. Ba arziki muka yi ba, amma tukunya ba ta kwana a kife a gidana, kuma matan can suka daina kai wa dillalai.

Wata rana aka yi shela a rediyo cewa wata ƙungiya ta zo tallafa wa mata masu ƙananan sana'o'i, musamman na karkara. Na aika wa Yaya, ta zo da mata kaɗan daga cikinsu, sun sa kayan da suke zuwa coci da su. Da muka isa ɗakin taron mun tarar kujerun gaba duk sun cika da matan gari, masu leshi da zoben zinariya, waɗansunsu na san su, na kuma san ba su taɓa riƙe taɓarya don sana'a ba. Mu a baya muka tsaya, jikin taga. Mai jawabi da Turanci yake yi, wani yana mayarwa Hausa, shi ma rabin Hausar tasa Turanci ce. Sai in sunkuya in sake wa Yaya bayani da Hausar kasuwa, ita kuma ta juya ta faɗa wa sauran da Kambarci. Kafin magana ta isa kunnen ta ƙarshe, mai jawabi ya wuce wani wuri.

Allah ya haɗa mu da wata ma'aikaciyarsu, muna ce mata Malama. Ita ce ta lura da mu a tsaye, ta zo ta tambayi abin da muke yi. Yaya ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan gwangwani na man ta miƙa mata. Malama ta shinshina, ta shafa, ta ce mu jira ta bayan taro. Ita ta tsaya mana har aka sa mu cikin waɗanda za a ba injin niƙa. Sai dai da sharaɗi: dole a ajiye injin a wuri mai ƙofa da makulli, a cikin gari, inda za su iya zuwa su duba. Wato a gidana.

Yaya ba ta ji daɗin wannan ba. A hanyar tasha ta ce mini, "Itace yana daji, mata suna daji, inji yana gari. Wa zai ɗauko kaya?" Na ce za mu san yadda za a yi, babur yana nan, mota tana nan. Daga ƙarshe ta yarda.

Injin ya daɗe bai zo ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, rani ya shiga, mun fara cire rai, sai ga shi a bayan wata farar mota, sabo fil, da koren fenti. Maigidana, wanda tun hatsarin nan yake yini a zaure ba ya son magana da kowa, shi ya fara tashi. Ya zagaye injin da sandarsa, ya duba bel, ya duba inda ake zuba mai, ya ce a kawo masa sifana. A ranar na ji dariyarsa bayan dogon lokaci. Muka gwada da ɗan ragowar ƙwallon da ke gidana, abin da mace za ta yini tana niƙawa ya fito kafin ruwan shayi ya tafasa. Yaya, da ta shigo gari a ranar, ta tara hannu a bakin injin tana taɓa abin da ke zubowa, hawaye na bin fuskarta, tana ta magana da yarensu.

Malama kuma ta haɗa mu da wata mata daga Legas mai haɗa man shafawa. Aka aika mata samfuri, ta bugo waya ta ce irinsa take nema, kuma da yawa take so, in damina ta kama mu cika mata, za ta riƙa saye duk shekara. Na kasa cin abinci ranar don murna. Na riƙa lissafa wa maigidana abin da za mu yi: a gyara rufin ɗaki, babbar 'yata ta koma makarantar koyon jinya da ta bari.

Tun kafin wannan lokacin muna jin labarin 'yan bindiga, amma daga nesa. A ce sun shiga wani ƙauye ta wajen Mashegu, a ce sun tare hanya ta wajen Dukku. Mukan yi addu'a mu ci gaba da harkarmu. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba, kaɗanya ta fara zuba, wata safiya ina shara na ji sallama a zaure da muryar da na sani. Na fito na ga Yaya, ƙafa babu takalmi, da tukunya ɗaya a kai. Bayanta mijinta ne, da surukarta, matar ɗanta, goye da jikarta, da waɗansu mata biyu daga cikin masu yi mana mai.

"Sun zo," ta ce. Abin da ta iya faɗa ke nan.

Daga baya muka ji sauran. Da rana tsaka suka shigo a kan babura, suka kore shanu, suka tafi da mutane, suka ce wanda ya sake shiga gona ko daji sai da izininsu. Garin ya watse, kowa ya kama inda ƙafarsa ta kai shi.

Maigidana ya ce a buɗe musu ɗakin da muke ajiye robobi, shi da mijin Yaya kuma su riƙa kwana a zaure. Wani maƙwabcinmu ya tare shi bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, ka cika gidanka da baƙin da ba ka san addininsu ba." Maigidana ya ce, "Na san addininsu, na kuma san abincin da 'ya'yana suka ci shekarun nan daga hannun wa ya fito." Maƙwabcin bai ƙara tayar da maganar ba.

Yanzu ga inji, ga mai saye, ga matan da suka iya aikin duk a tsakar gidana, babu ƙwallon kaɗanya ko tiya ɗaya. Can a daji tana ta zuba tana ruɓewa a gindin itatuwa. Yaya takan zauna a bakin ƙofa ta kalli hadari ta ce, "Yau ta zuba da yawa." In iska ta kaɗa sai ta sake faɗa. Har na fara jin tsoron fitowar hadari saboda maganar nan.

Na shiga kasuwa neman ƙwallo. Akwai, amma a hannun dillalai kaɗai, su da suke da hanyar da kayansu ke fitowa daga daji, ba na son in san yadda suke yi. Kuɗin da suka sa masa, in ka saya ka niƙa ka fitar da mai, ko kuɗin man inji ba zai dawo ba. Dillalin nan na ranar farko ya gane ni. Bai yi mini wulaƙanci ba, murmushi kawai ya yi ya ce, "Hajiya, ashe za ki dawo." Na sayar da awakina na sayi abin da ya samu. Muka yi aikinsa cikin 'yan kwanaki, man ya fito, amma ko kusa da abin da matar Legas ke so bai kai ba. Ta bugo waya, na ce mata ta ƙara mana lokaci. Ta ce ta ji labarin abin da ke faruwa, tana tausaya mana, amma ita ma akwai masu jiranta.

Abinci ya fara gagara. Gidan da ke ciyar da mutum bakwai ya koma ciyar da kusan ninkin haka. Muka koma tuwo sau ɗaya, da safe koko babu sukari. Mijin Yaya, dattijo mai kunya wanda bai saba cin abin hannun wani ba, ya fara fita da sassafe ya dawo da yamma da ɗan garin masara a leda. In an tambaye shi sai ya ce aikin gona ya samu a bayan gari.

Na ce wa Yaya ai bayan gari ma akwai kaɗanya, ina tunawa muna yara mukan je shan 'ya'yanta. Me zai hana mu je mu tsinta a nan kusa, inda sojoji ke sintiri? Muka ɗauki buhuna mu huɗu muka fita da hantsi, muka bi hanyar da na sani. Muka yi ta tafiya ban ga inuwar da nake tunawa ba. Kututture kawai, nan ɗaya can ɗaya, waɗansu saran bai ma bushe ba. Ga hayaƙi yana tashi daga wasu tudun ƙasa da aka rufe. A bakin hanya buhunan gawayi ne jere, an toshe bakinsu da ganye, ana jiran mota.

Yaya ta zaro gawayi ɗaya daga wani buhu, ta auna nauyinsa a hannu, ta karya. Ta ce, "Kaɗanya ce."

Muka ji sara daga gaba. Muka nufi wurin. Maza ne 'yan gudun hijira irin su, sun kewaye wata babbar kaɗanya mai 'ya'ya a jiki, suna sara bi da bi. Wanda gatari ke hannunsa a lokacin, da tsohuwar rigar maigidana a jikinsa, mijin Yaya ne.

Ban ji abin da ta faɗa masa ba, da yarensu ta yi. Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Ta jefar da buhunta, ta je ta tsaya tsakaninsa da itacen, ta dafa inda aka sara. Shi kuwa ya sauke gatarin, kansa a ƙasa. Da ta gama sai ya juyo wurina, ya yi magana da Hausa, ina jin don kunyata yake ji fiye da tata.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Garin da nake kawowa, daga nan ne. Jikata tana kuka da yunwa a gidanki. In ban sara ba wani zai sara."

Tuwon da na ci jiya da garin nan aka tuƙa shi. Muka tsinci 'yan ƙwallayen da suka zube daga itacen da ake sara, ko rabin buhu ba su kai ba, muka juyo. Muna tafe muka ji faɗuwarsa a bayanmu. Yaya ba ta waiwaya ba.

Bayan 'yan kwanaki ta same ni ina wanke-wanke, ta tsuguna kusa da ni ta ce tana da ƙwallon bara a rumbunta, wanda ta dafa ta shanya ta ɓoye don lokacin tsada. Ba ita kaɗai ba, sauran matan ma suna da nasu. In aka kwaso duka, zai kai abin da matar Legas za ta karɓa ko da rabi ne.

Na ce, "Yaya, kada ki fara. Babu man da ya kai ranki."

Ta ce, "Ni tsohuwa ce, me za su yi da ni? Maza suke nema da 'yan mata."

Na ce mata na ji an tafi da tsofaffi ma. Na ce in don matar Legas ne, ta tafi, Allah zai kawo wata. Na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da jikarta. Na kira maigidana ya yi mata magana, na aika aka gaya wa fastonsu, shi ma ya zo har gida ya hana ta. Ta ce to, ta ji. Washegari da na fito alwalar asuba, tabarmarta a naɗe take, buhunan da muka je bayan gari da su babu ko ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ba ta da waya. Na je tashar motocin Nasko na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce ya sauke wata doguwar tsohuwa da buhuna, ya ga tana ciniki da masu babur, daga nan bai sani ba. Kullum sai na koma tashar na zauna a benci wurin mai shayi, duk motar da ta tsaya sai na miƙe. Mijinta ya daina fita, ya daina cin abinci, yana zaune a zaure yana kallon hanya. Surukarta ta daina yi mini magana, a ganinta ni na sa wa tsohuwa zancen Legas a rai. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai in ɗauka da sauri, don na san ta haka 'yan bindiga suke kira su faɗi abin da za a kawo musu. Na riƙa tunanin me zan sayar in sun kira. Injin kaɗai ne abu mai daraja a gidan, shi kuma an ce ba namu ba ne mu sayar.

Ranar da ta dawo ina tashar. Ban gane ta ba da farko. Wani ɗan kamasho ne ya riƙo hannunta ya sauko da ita daga bayan motar doya. Ƙafafunta sun kumbura sun tsage, leɓunanta sun bushe, zanenta baƙi ƙirin da toka. Ƙullin abu ɗaya ne a hannunta, bai fi girman kan jariri ba.

Na rungume ta ina kuka a gaban mutane. Ita ba ta yi kuka ba. A cikin keke mai ƙafa uku, muna hanyar gida, ta ba ni labari a gutsure. Mai babur ya kai ta rabin hanya ya ce ba zai wuce nan ba, ta ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki, in ta ji ƙarar babura sai ta kwanta cikin ciyawa. Ta isa garin babu kowa, ko kaza. An ƙone rumbunan duka. Nata, saboda man da ke cikin ƙwallon, ya ci wuta har ƙasan wurin ta yi baƙi tana maiƙo. Ta tona tokar da hannu ko za ta sami wanda bai ƙone ba. Abin da ke cikin ƙullin ke nan.

"Na ga itatuwana," ta ce. "Suna nan. Ƙasa duk 'ya'ya. Na fara tsinta, sai na ji su suna zuwa, na bar buhun."

Ta yi jinya a ɗakina. Ina gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi ina shafa mata ragowar man da muka yi. Matar Legas ta bugo ta ce ta samu a wani wuri, in abubuwa sun daidaita in neme ta. Na yi mata godiya, don ba ta yi mana laifin komai ba.

Ana cikin haka Malama ta zo da wani mai ɗaukar hoto. Shirin nasu ya zo ƙarshe, ana son a nuna yadda matan da aka tallafa wa suka ci gaba. Ta ce ko za mu tayar da injin mu tsaya kusa da shi. Na ce babu abin da za a zuba masa. Na kai ta ɗaki ta ga Yaya a kwance, na ba ta labari tun daga farko. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun Yaya, ta ce wa mai hoton ya jira a waje.

Na ce, "Malama, ba ƙorafi nake ba, kun yi mana abin da ba wanda ya taɓa yi mana. Amma ki gaya wa manyanku, inji ba ya niƙa iska. A taimaka mana da abin da za mu sayi ƙwallo daga inda ake samu, ko a haɗa mu da matan wani yanki da dajinsu ke lafiya, su tsinta mu niƙa. Ko a hana saran itatuwan nan a ba mazan wani abin yi. Damina ɗaya kawai muke nema mu tsallake."

Ta ce duk za ta rubuta. Ta kuma gaya mini gaskiya, cewa kuɗin shirin na inji ne da horo, an riga an rufe, ita kanta aikinta zai ƙare ƙarshen wata. Da za ta tafi ta buɗe jakarta ta damƙa wa Yaya abin da ke ciki, na san daga aljihunta ne. Ba a ɗauki hoton ba. Ban sake ganinta ba, ko da yake ta kira sau ɗaya ta tambayi jikin Yaya.

Maigidana ne ya ce tunda injin yana zaune, a canza masa faranti a riƙa yi wa unguwa niƙan masara da markaɗen wake. Haka aka yi. Da shi muke ci har yau, shi ke zama a kansa daga safe zuwa la'asar. Matan nan biyu, ɗaya ta bi 'yan'uwanta Minna, ɗaya tana wanke kwanuka a wani gidan abinci kusa da tasha. In mun haɗu a hanya mukan gaisa, ba ma tayar da zancen mai.

Da ƙafar Yaya ta warke, mijinta ya ce ba zai iya ci gaba da zama a zauren wani ba. An gaya masa ana neman masu aikin doya a wani gari ta wajen Mashegu inda 'yan sa-kai ke tsaro, ana ba mutum ɗaki. Na roƙe su su bari sai rani, suka ƙi. Na raka su tasha, su da surukarta, da ɗan garin tuwo da kayan yara da na tattara wa jikarta. Motar ta cika, aka sa Yaya a kujerar baya jikin taga, jikar a cinyarta. Na ce ta nemi mai waya ta riƙa kira na. Ta ce za ta nema. Direba ya tayar da mota, na bi gefenta ina tafiya har bakin titi, sannan na tsaya.

Takan kira lokaci-lokaci da wayar wani malamin cocinsu. Kiran da ta yi na ƙarshe ta ce jikar ta fara tafiya, mijinta yana fama da tari, ɗakin da aka ba su yana yoyo. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce in gaida maigida. Ina cikin tambayarta ko suna samun magani kuɗin wayar ya ƙare.